Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Uwa, Jariri da Ginin Ƙwaƙwalwa

GABATARWA

'Yan'uwa, a yawancin gidajenmu muna ɗauka cewa ilmin yaro yana farawa ne ranar da aka ɗinka masa rigar makaranta aka kai shi firamare. Kafin wannan rana, abin da muke nema masa shi ne ya ƙoshi, ya yi barci, ya tsira daga ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro. In aka ga mace tana hira da jaririn wata uku, sai wani ya yi dariya ya ce, "Me ya sani?"

Fiye da shekara 70 ke nan likitoci da masana halayyar yara suna bin diddigin wannan tambaya, kuma amsar da suka samu ta isa ta tsai da mu. Ƙwaƙwalwar da yaro zai tafi da ita makaranta, yawancin gininta ana yin sa ne tun yana goye. A 2016 mujallar likitoci ta Ingila mai suna Lancet ta ƙiyasta cewa yara miliyan 250 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙasashe masu tasowa, wato kashi 43 cikin 100, suna cikin hatsarin kasa kaiwa matsayin da ya kamata su kai, saboda talauci da tsumburewa. A cikin wannan darasi za mu bi binciken masana daki-daki, mu ga abin da yake gina ƙwaƙwalwar jariri, da abin da yake hana ta ginuwa, sa'an nan mu tambayi kanmu abin da ya wajaba a kanmu.

1. YADDA ƘWAƘWALWA TAKE GINUWA

Ana haihuwar jariri da ƙwaƙwalwa mai nauyin giram 350 zuwa 400, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ta babban mutum. Kafin ya cika shekara ɗaya girmanta ya ninka. Sa'ad da ya kai shekara 3 ta kai kimanin kashi 80 cikin 100 na girmanta, a shekara 5 kuwa kashi 90. Ba za ta ƙara yin girma da irin wannan sauri ba har iyakar ransa.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kuma da yawancinsu ake haihuwar jariri. Abin da bai kammalu ba tukuna shi ne hanyoyin da suke haɗa wata ƙwaya da wata, waɗanda ta cikinsu ne gani da ji da magana da tunani suke gudana. Masana na Jami'ar Harvard a Amurka sun ƙiyasta cewa a shekarun farko ana ƙulla irin waɗannan mahaɗai fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Daga baya sai ƙwaƙwalwa ta shiga tankaɗe: mahaɗin da ake amfani da shi kullum ya yi ƙarfi, wanda aka bari kuwa ya shuɗe. Mu tuna da turbar da take tsakanin gida da rijiya. Muddin ana bin ta safe da yamma tana nan fes, amma in rijiyar ta ƙafe aka daina zuwa, damina ɗaya ta isa ciyawa ta cinye ta.

Akwai kuma ayyukan da suke da lokacinsu. A shekarun 1960 David Hubel da Torsten Wiesel suka rufe ido ɗaya na 'yan kyanwa a watanninsu na farko. Da aka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau, amma kyanwar ba ta gani da shi, gama sashen ƙwaƙwalwar da zai karɓi saƙonsa bai sami aikin yi ba a lokacin da yake ginuwa. Da aka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya same ta. Wannan aiki yana cikin abin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1981, shi ya sa kuma likitoci suke gaggauta yi wa jaririn da aka haifa da yanar ido aiki. Magabatanmu da suka ce tun ran gini tun ran zane sun san cewa in laka ta bushe, zane ya yi wuya.

2. KIRA DA AMSA

To, mene ne yake bin waɗannan turbobi har su yi ƙarfi? Masana sun tarar cewa babban abin shi ne musayar da take gudana tsakanin jariri da mai renonsa. Jariri ya yi kira, ta kuka ko murmushi ko miƙa hannu ko ɗan sauti, babba ya amsa, jariri ya sāke yi, a sāke amsa masa.

A shirye yake zuwa duniya domin wannan musaya. Yana jin sauti tun a watannin ƙarshe na ciki. A 1980 Anthony DeCasper da William Fifer suka ba jarirai 'yan ƙasa da kwana 3 kan roba su tsotsa, wanda aka haɗa da na'ura: in suka tsotsa ta wata hanya su ji muryar uwarsu, ta wata hanyar kuma su ji muryar wata mace. Jariran suka riƙa zaɓen tsotson da yake kawo muryar uwa. Idon sabon jariri kuwa ya fi gani sosai a tazarar santimita 20 zuwa 30, kimanin taƙi ɗaya, daidai nisan da yake tsakanin fuskarsa da ta uwarsa sa'ad da yake shan mama.

Ya kamata mu sani cewa ɗaya daga cikin tushen wannan ilmi a Afirka aka kafa shi. A 1954 da 1955 Mary Ainsworth ta riƙa ziyartar iyalai 26 a ƙauyukan da suke kusa da Kampala a Yuganda, tana zama tana kallon uwaye da jariransu. Ta lura cewa uwayen da suka fi gane alamun 'ya'yansu, suna kuma amsawa da wuri, su ne 'ya'yansu suka fi natsuwa. Irin wannan yaro yakan rarrafa ya tafi binciken tsakar gida, ya waiwayo ya ga uwarsa tana nan, ya ci gaba. Da ta maimaita aikin a birnin Baltimore na Amurka, ita da abokiyar aikinta Silvia Bell suka ba da rahoto a 1972 cewa jariran da ake ɗauka da wuri in sun yi kuka a watannin farko, kukansu ya fi raguwa kafin ƙarshen shekara. Wannan ya saɓa wa tsoron da yake a zukatan mutane da yawa, cewa yawan ɗaukar jariri yana sangarta shi.

A 1975 Edward Tronick ya nuna wani gwaji mai sauƙi. Uwa tana wasa da jaririnta ɗan watanni kaɗan, sai a ce ta tsai da fuskarta, ba murmushi ba magana, na minti biyu ko uku. Nan da nan jaririn yakan gane. Ya yi murmushi domin ya jawo ta, ya miƙa hannu, ya yi ƙara. In duk bai yi amfani ba sai ya kau da kai, jikinsa ya yi sanyi, ya fashe da kuka. Uwarsa tana gabansa, ba yunwa yake ji ba, ba kuma wanda ya taɓa shi, amsa kawai aka hana shi.

Kada wannan ya tsorata uwaye. Tronick ya kuma tarar cewa ko tsakanin uwa da jariri masu lafiya, wajen kashi ɗaya cikin uku na lokaci ne kaɗai suke daidaita da juna. Sauran lokacin saɓani ne da gyara: ta ɗauka yunwa ce ashe barci ne, ta gane, ta gyara. Ta wurin wannan gyara ne yaro yake koyon cewa damuwa tana wucewa, kuma in ya yi kira za a zo.

3. SA'AD DA BABU MAI AMSAWA

Abin da yake faruwa in kira ya daɗe ba amsa, duniya ta gan shi a Romaniya. A 1966 gwamnatin Nicolae Ceaușescu ta kafa dokar tilasta yawan haihuwa, talauci kuma ya sa iyaye da yawa suka miƙa 'ya'yansu ga gidajen reno na gwamnati. Da mulkinsa ya fāɗi a Disamba 1989, aka tarar da yara fiye da 100,000 a waɗannan gidaje. Ma'aikaciya ɗaya takan kula da yara 12 zuwa 15. Ana ba su abinci a kan lokaci, ana sāke musu tufafi a kan lokaci, amma ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu magana. Baƙin da suka shiga ɗakunan sun yi mamakin shirun da suka tarar, gama jariran sun riga sun koyi cewa kuka ba ya kawo kowa.

A 2000 masana uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara bincike a birnin Bukares a kan yara 136 na waɗannan gidaje, masu wata 6 zuwa 31. A lokacin kusan babu tsarin ba da riƙon yara ga iyalai a birnin, sai masanan suka kafa shi, suka horar da iyalai, aka jefa ƙuri'a, rabin yaran suka koma hannun iyayen riƙo. Da yaran suka kai shekara huɗu da rabi aka gwada basirarsu da ma'aunin da matsakaicin yaro yake samun 100. Waɗanda ƙuri'a ta bari a gidajen reno suka sami 73, waɗanda aka ba iyalai 81, yaran gari da suka tashi a gidajen iyayensu kuwa 109. Hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka daga baya sun nuna cewa ta yaran gidajen reno ta fi ƙanƙanta. Abu mafi muhimmanci shi ne, waɗanda aka mai da hannun iyali kafin su cika shekara 2 sun fi farfaɗowa, har a shekara 8 motsin lantarkin ƙwaƙwalwarsu ya yi kama da na yaran gari. A 2004 Romaniya ta kafa dokar hana ajiye yara 'yan ƙasa da shekara 2 a irin waɗannan gidaje, sai dai masu naƙasa mai tsanani.

Darasi biyu ne a nan. Na fari, abinci da tsabta kaɗai ba su isa su gina mutum ba. Na biyu, matan da suka farfaɗo da waɗannan yara ba su suka haife su ba. Abin da ƙwaƙwalwar yaro take nema shi ne mutum tsayayye wanda ya san shi, yake kuma amsa masa yau da gobe.

4. JIKI DA JIKI

Amsa ta fari da jariri yake ganewa ita ce ta fata. A 1958 Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin ya ba 'ya'yan birai uwayen ƙarya guda biyu, ɗaya ta waya mai kwalbar madara, ɗaya kuma an lulluɓe ta da tattausan ƙyalle ba madara. Biran sukan je wurin ta waya su sha, su komo su manne wa ta ƙyalle yawancin yini, in kuma suka firgita wurinta suke gudu.

A Jami'ar McGill ta Kanada, Michael Meaney da abokan aikinsa suka lura cewa 'ya'yan ɓerayen da uwarsu take yawan lasarsu a makon farko suna tashi da natsuwa, jikinsu yana saurin kwantar da sinadarin firgita bayan tsoro ya wuce. Da aka musanya 'ya'yan, aka ba uwa mai lasa 'ya'yan wadda ba ta damu ba, sai suka ɗauki halin wadda ta rene su. A 2004 suka nuna cewa lasar tana barin alama a kan ƙwayoyin gado, alamar da take buɗe aikinsu ko ta rufe shi. Ɓera dai ba mutum ba ne, amma binciken ya nuna hanyar da reno yake shiga cikin jiki ya zauna.

Ga mutane kuwa, shaida mafi ƙarfi ta fito daga wurin bakwaini. A 1978, a wani babban asibitin haihuwa na Bogota a Kolombiya, kwalaben ɗumama jarirai suka yi kaɗan, har ana sa biyu ko uku a cikin ɗaya. Likita Edgar Rey ya fara ɗaura bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, dare da rana, yana shan mama. Aka sa wa hanyar sunan kangaru, dabbar Ostareliya mai ajiye ɗanta a aljihun cikinta. A 2021 aka buga sakamakon wani babban gwaji a asibitocin ƙasashe biyar, Indiya da Malawi da Tanzaniya da Gana da Nijeriya, inda Kumasi da Ile-Ife suka shiga. Jarirai fiye da 3,000 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8 aka gwada. Waɗanda aka ɗora a ƙirji nan take bayan haihuwa, mutuwarsu a kwana 28 na farko ta ragu da kashi 25 cikin 100. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara wannan ɗauri da zarar an haifi bakwaini.

A nan uwayenmu suna da abin alfahari. A 1986 likitoci a Montreal ta Kanada suka roƙi waɗansu uwaye su ƙara yawan ɗaukar jariransu a jiki, sai aka ga kukan jariran a mako na 6 ya ragu da kashi 43 cikin 100. Abin da aka gwada a can, zane da majanyi suna yin sa a nan tun kaka da kakanni. Sai dai mu lura da abu guda: yaron da yake goye yana jin ɗumin uwarsa da muryarta, amma ba ya ganin fuskarta. Saboda haka sa'ad da aka kwance goyo domin shan mama ko wanka, lokacin duban ido ne da hira, kada a bar shi ya wuce a banza.

5. MAGANA DA WANDA BAI IYA MAGANA BA

A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington a Seattle ta kawo jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. Kashi ɗaya suka zauna sau 12 da mutanen da suke yi musu wasa da karatu cikin harshen Sinanci. Waɗansu aka nuna musu mutanen nan a talabijin, waɗansu kuma muryar kawai aka sa musu. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido suka iya rarrabe sautukan Sinanci kamar jariran Taiwan. Na talabijin da na murya ba su koyi kome ba. A 2018 kuma Rachel Romeo da abokan aikinta a Boston suka sa wa yara 36 masu shekara 4 zuwa 6 na'urar ɗaukar magana a gida. Suka tarar cewa yawan karɓa-karɓar magana tsakanin yaro da babba, ka faɗa in faɗa, ya fi yawan kalmomin da aka zuba masa dangantaka da ƙarfin sashen harshe na ƙwaƙwalwarsa.

Wannan ya shafi zamaninmu kai tsaye. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara 2 gaban talabijin ko waya, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Mu kuma manya mu tambayi kanmu: fuskar mai shayarwa da ta duƙufa a kan waya, da me ta bambanta da tsayayyar fuskar gwajin Tronick?

Wani lokaci al'ada ce take ɗaure harshe. A ƙauyukan Wolof na yankin Kaolack a Senegal, uwaye da yawa suna gudun yi wa jariri magana ko duban idonsa, don tsoron iskoki ko kada a ce sun taɓu. Wata ƙungiya mai suna Tostan ta zauna da iyaye da dattawa da shugabannin addini tana bayyana musu yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa. Binciken da Ann Weber da Anne Fernald da Yatma Diop suka buga a 2017 ya nuna cewa bayan shekara ɗaya masu reno a waɗannan ƙauyuka sun ƙara yawan magana da 'ya'yansu ƙwarai, yaran kuma sun fi na sauran ƙauyuka ci gaba a harshe.

6. TALAKA MA YANA IYAWA

Wani zai ce wannan duka sai mai hali. Amsa tana a Kingston ta Jamaika. Daga 1986 Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 masu wata 9 zuwa 24 daga unguwannin matalauta, dukansu tsumburarru saboda ƙarancin abinci. Aka raba su kashi huɗu: masu samun madara kowane mako, masu samun ziyara, masu samun duka biyu, da waɗanda ake duba lafiyarsu kawai. Ziyarar awa ɗaya ce a mako har shekara 2. Ma'aikaciyar lafiya ta unguwa takan nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta faɗa masa sunayen abubuwa, ta yabe shi in ya yi ƙoƙari. Kayan wasan kuwa daga tsofaffin robobi da tsummoki aka yi su.

A ƙarshen shekara biyun, madara ta taimaka, ziyara ta taimaka, waɗanda suka sami duka biyu suka fi kowa. Amma da aka ci gaba da bin yaran, amfanin ziyarar ne ya dawwama. Rahoton 2014 ya nuna cewa a shekara 22 da haihuwa, abin da suke samu a wurin aiki ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100, har sun kamo tsaransu da ba su taɓa tsumburewa ba. An kuma tarar ba su cika shiga faɗa da tashin hankali ba. Wannan bai rage darajar abinci ba, gama ƙwaƙwalwa ba ta ginuwa da yunwa. Abin da ya nuna shi ne, uwar da ba ta da ko sisi tana riƙe da rabin maganin a bakinta da hannuwanta.

7. WA ZAI KULA DA UWA?

In amsar uwa tana da wannan nauyi, to, duk abin da ya hana ta amsawa ya taɓa ɗanta. Macen da ta yini a gona ko kasuwa, ta dawo ta ɗebo ruwa ta ɗora tukunya, ga duka ko zagi a gida, da wane ƙarfi za ta yi wa jariri tawai? Akwai kuma ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa wajen mace ɗaya cikin biyar tana fama da irin wannan bayan ta haihu. Alamunsa su ne baƙin ciki da ya wuce mako biyu, yawan kuka, rashin barci ko da jariri ya yi barci, rashin jin daɗin kome, da jin cewa ita ba ta da amfani. Ciwo ne kamar sauran cututtuka, yana kuma da magani. A gundumar Rawalpindi ta Pakistan, Atif Rahman ya horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙauye su riƙa ziyartar masu ciki da suke da wannan ciwo, suna sauraronsu, suna jawo iyali su taimaka. Sakamakon 2008 ya nuna cewa wata 6 bayan haihuwa, kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon, a inda ba a yi haka ba kuwa kashi 53. Iyayen, mata da maza, sun kuma ƙara yawan wasa da jariransu.

Reno bai taɓa zama aikin mutum ɗaya ba a ƙasarmu. Wani bincike da Robert Marvin da Robert LeVine da Sarah LeVine da abokansu suka buga a 1977 a kan jarirai 18 a gidajen Hausawa ya nuna cewa kowane jariri ya shaƙu da mutum uku ko huɗu, ko da yake yakan fi manne wa wanda ya fi ɗaukarsa. A irin wannan babban gida, kunyar ɗan fari ba ta bar yaro cikin shiru ba. Uwa tana kau da kai, amma kaka da goggo da yayye suna nan suna yi masa wasa. Yau fa? Amarya tana ɗakin haya a birni, miji ya fita tun asuba, kaka tana ƙauye. In ta riƙe kunyar nan yadda aka koya mata, wa zai amsa wa yaron? Al'adar ta zo birni, amma mutanen da suke cike gurbinta an baro su a gida. Wajibi ne dattawa mata su faɗa wa 'ya'yansu da bakinsu cewa hira da ɗan fari ba rashin kunya ba ce.

8. ABIN DA ZA MU YI

Uwaye: ku ɗauki jariri in ya yi kuka. Ku dube shi sa'ad da yake shan mama. In ya yi ɗan sauti ku maimaita masa, ku dakata ya amsa. Ku riƙa faɗa masa abin da kuke yi, ko tankaɗe ne ko wanki, cikin harshen da ya fi muku daɗi. Ku yi masa waƙoƙin reno da kuka ji a bakin kakanninku. Gwangwani mai tsabta da ludayi da ƙoƙo sun isa kayan wasa.

Ubanni: ƙirjin uba ma yana ɗumama bakwaini, muryar uba ma tana gina harshe. Ku ɗauki yaro, ku rage wa mai jego aiki, ku tabbata ta ci ta ƙoshi. Ku sani kuma cewa jaririn da ake faɗa a kansa yana ji, jikinsa yana firgita ko da bai san ma'anar kalmomin ba.

Jama'a: ziyarar mai jego kada ta ƙare ranar suna. 'Yan Zumuntar Mata da iyayen baftisma su riƙa leƙawa a watannin da suke biye, su tambayi uwar lafiyarta ita kanta, in sun ga alamun damuwa su raka ta asibiti. Maraya ƙarami ya fi bukatar gida da mutum ɗaya tsayayye fiye da kyakkyawan gini. In jariri ya yi surutu a majami'a ranar Lahadi, kada mu harari uwarsa.

A ƙarshe, kada wanda 'ya'yansa suka riga suka girma ya karai. Ƙwaƙwalwa tana ci gaba da koyo har tsufa, yaran Romaniya da aka ɗauka a makare ma sun sami ci gaba, sai dai aikin ya fi wuya. Kada kuma a ɗora wa uwa laifi in an haifi yaro da naƙasa ko yana jinkirin magana, gama dalilan wannan suna da yawa. Irin wannan yaro a kai shi wurin likita da wuri, a kuma ninka masa hira da wasa.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. A gidanmu, su wane ne suke amsa wa jariri in ya yi kira? In uwarsa ta kwanta ciwo, wa ya sani har zai yarda da shi?

2. Waɗanne al'adunmu na reno ne wannan bincike ya ƙarfafa, waɗanne ne kuma suke bukatar gyara yanzu da zaman gida ya sāke?

3. Awa nawa talabijin da waya suke ci a gidanmu a yini, minti nawa kuma muke hira da ƙananan yara?

4. Akwai mai jego a unguwarmu wadda ba ta da kowa kusa? Wa zai ziyarce ta a wannan mako?